Sufabaik

sufabaik (suna, namiji, aro daga Turanci). 1. Babur mai ƙarfin gaske irin wanda ake sayarwa a shago, amma aka yi masa kwaskwarima don tsere. 2. Gasar duniya ta irin waɗannan babura, ƙarƙashin hukumar FIM. An fara ta a 1988 a filin Donington Park na Ingila, kuma Fred Merkel ɗan Amurka ya ci kambun farko bisa Honda. Ta bambanta da MotoGP, inda ake ƙera babur don tsere kawai. Ko kana da kuɗi ba ka samun babur ɗin MotoGP a kasuwa. Jonathan Rea na Ireland ta Arewa ya lashe gasar sufabaik sau shida a jere da Kawasaki, 2015 zuwa 2020. Misali: Ducati ta fi kowane kamfani cin gasar sufabaik.