Hanyar da aka shimfiɗa a gonar mutane: tarihin 'yan babur ɗin ƙanƙara

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, musamman saboda waɗanda data ba ta ba su damar saurara ba.

Yau tafiyar tamu mai nisa ce, kuma mai sanyi. Za mu je Kanada da arewacin Amurka, inda dusar ƙanƙara kan rufe ƙasa wata uku ko huɗu a shekara. A lardin Kebek kaɗai akwai hanyoyi da tsawonsu ya kai kimanin kilomita 33,000, da alamominsu da gadojinsu da komai, amma ba na mota ba ne. Hanyoyin babur ɗin ƙanƙara ne, wato wani abin hawa da ake zama a kansa kamar babur, gabansa wasu sulaɓe biyu ne masu zamewa a kan ƙanƙara, bayansa kuma bel ne mai faɗi irin na katafila. Abin da ya ja hankalina ba injin ba ne. Babban kaso na waɗannan hanyoyi ba ƙasar gwamnati ba ce, ba ta masu hawa ba ce, gonaki ne da dazukan mutane. Kuma yawancin masu gyara su ba albashi ake biyansu ba. To yaya aka yi haka ta yiwu?

Mu fara da injin. A wani ƙauye mai suna Valcourt a Kebek aka haifi Joseph-Armand Bombardier a shekarar 1907. Makaniki ne, yana da gareji, kuma tun yana yaro yake ƙoƙarin ƙera abin da zai yi tafiya a kan dusar ƙanƙara. A lokacin sanyin 1934 ɗansa Yvon, mai shekara biyu, ya kamu da ciwon ciki mai tsanani. Ƙanƙara ta toshe hanya, ba a iya kai shi asibiti ba, yaron ya rasu. Shekara uku bayan haka, a 1937, Bombardier ya fito da wata mota mai ɗaukar mutum bakwai da ake kira B7. Likitoci da masu kai wasiƙu da limaman coci na karkara su ne manyan masu sayenta. Kun ga ke nan abin bai fara a matsayin wasa ba.

A ƙarshen shekarun 1940 gwamnatin Kebek ta fara share ƙanƙara daga hanyoyin karkara, sai kasuwar motar ta faɗi. Mutumin ya koma tunanin ƙaramin inji na mutum ɗaya ko biyu, kuma a 1959 ya fito da Ski-Doo. Can a Amurka ma ba a zauna ba: kamfanin Polaris na garin Roseau a jihar Minnesota ya riga ya fara ƙera nasa a tsakiyar shekarun 1950. Af, kafin in manta, idan kun taɓa jin an ce wani attajiri ya sayi jirgin Bombardier, to sunan wannan makanikin ne. Kamfaninsa ne daga baya ya shiga ƙera jiragen ƙasa da na sama.

Daga nan sai abu ya zama yayi. A shekarar 1971 kaɗai an sayar da kusan rabin miliyan, kamfanonin da ke ƙerawa sun haura ɗari. Ku yi tunanin mutanen da a da suke kulle a gida wata huɗu, yau ga inji a ƙofar gida, ga fili fari fat iya ganin ido. Matsalar ita ce, wannan farin filin yana da masu shi. Ƙanƙara ta dai rufe iyaka ne, ba ta share ta ba.

A nan rigimar ta fara, kuma ina so mu tsaya a kanta domin mai kallo daga nesa zai ce, to mene ne a ciki, ai ba damina ba ce, ba shuka a gona. Akwai shuka fa. Manoman can suna da ciyawar alfalfa da suke noma wa shanu, wadda ke kwana a ƙasa shekara da shekaru, suna da alkamar da ake shukawa kafin sanyi ta tashi bayansa. Dusar ƙanƙara idan tana sako-sako iska ce cike a cikinta, sai ta zame wa ƙasa bargo. Da zarar inji ya bi ta kai ya danne ta, iskar ta fita, sanyi ya ratsa har saiwa. Sai watan Afrilu ko Mayu manomi ya fito ya tarar da layi-layi na matacciyar shuka, daidai inda aka yi ta wucewa. Mai dashen itatuwa kuma ƙananan dashensa suna ɓoye ƙarƙashin ƙanƙara, a bi ta kansu a karya musu kai. Ga masu yanke wayar shinge don su wuce. Ga ƙara da tsakar dare, domin injinan wancan zamani ba ƙaramin ihu gare su ba. Su kansu masu hawan ba su tsira ba, an yi asarar rayuka da dama saboda karo da wayar shingen da ba a gani ba cikin dare, ko faɗawa kogin da ƙanƙararsa ba ta yi kauri ba.

Masu gonaki suka fara kafa allunan hana shiga. 'Yan majalisa suka fara maganar dokoki masu tsauri. Sai wasu daga cikin masu hawan suka gane cewa in ba su ɗaure kansu ba, za a ɗaure su. Haka aka kafa ƙungiyar VAST a jihar Vermont a 1967, a wannan shekarar aka kafa ta lardin Ontario, ta jihar Maine ta biyo baya a 1968, gamayyar kulob-kulob na Kebek kuma a 1974. Dabarar guda ɗaya ce: maimakon kowa ya bi inda ya ga dama, a roƙi mai gona ya ba da siririyar hanya ɗaya, a sa mata alama, kowa ya bi nan, sauran gonar a bar masa abinsa.

Kalmar da nake so ku riƙe ita ce roƙo. Ba saye ba, ba ƙwace ba. Ɗan kulob zai je gidan manomi ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya zauna, ya ji inda mai gida yake so a bi da inda ba ya so. Wani zai ce ku bi gefen daji, kada ku kusanci garken shanu. Wani zai ce kada ku buɗe sai ƙanƙara ta yi kauri. A mafi yawan lokuta ba a biyan shi ko sisi, kuma yana da ikon janye izininsa. A Vermont kimanin kashi 80 cikin ɗari na hanyoyin suna ƙasar mutane ne. A Maine, inda hanyoyin suka kai kusan mil 14,000, kason ya haura kashi 90.

Tambayar farko da kowane mai gona zai yi ita ce, idan wani ya faɗi ya karye a gonata, ni za a kai kotu? A ƙasar da ake kai ƙara kan abu kaɗan, wannan ba tambayar wasa ba ce. Shi ya sa jihohin Amurka suka yi dokokin da ke kare wanda ya buɗe ƙasarsa kyauta don jama'a su shaƙata, muddin ba da gangan ya cutar da mutum ba. Tun 1965 aka fitar da samfurin irin wannan doka, jihohi suka yi ta ɗauka suna gyarawa. Ƙungiyoyin kuma suka ƙara da inshora. Ba don wannan ba, da wuya ƙofa ɗaya ta buɗu.

Sai aikin kansa. Mu da muka san aikin gayya ba sai an yi mana dogon bayani ba, sai dai wannan gayyar ba ta yini ɗaya ba ce. Tun daga watan Satumba, kafin ƙanƙara ta sauka, 'yan kulob ke fita ƙarshen mako da zarto mai inji suna sare itatuwan da iska ta kayar, suna datse rassa, suna canja katakon gadojin da suka ruɓe, suna gyara magudanan ruwa, suna kafa dubban sanduna da alamomi. Idan sanyi ya kankama sai a shiga aikin daddale hanya. Wata tarakta ce mai tafiya a kan bel, tana jan wani dogon ƙarfe da ke farfasa tudun da injina suka tara, ya baje, ya danne. Da dare aka fi yin wannan, saboda babu masu wucewa, kuma sanyin asuba ne ke sa hanyar ta daskare ta yi ƙarfi. Wato wani bawan Allah zai tashi daga aikinsa na rana, ya ci abinci, ya hau tarakta shi kaɗai cikin daji yana tafiyar hawainiya har asuba. Da safe wani da bai san sunansa ba ya zo ya wuce a guje.

Kuɗin mai da na tarakta daga ina? Daga takardar izinin da kowane mai hawa ke saya, da kuɗin rajistar injin, da wani kaso na harajin man fetur. A Vermont ba ka da ikon hawa hanyoyin sai ka shiga kulob ka biya, kuma lokacin a ƙayyade yake, daga 16 ga Disamba zuwa 15 ga Afrilu.

Yanzu ga raunin tsarin. Hanya ɗaya tana iya ratsa gonaki hamsin. Idan mutum ɗaya a tsakiya ya ce ya fasa, hanyar ta yanke, garin da ke gaba ya rasa baƙi, otal da gidan abinci da gidan mai su ji a jikinsu. Kuma me ke sa mutum ya fasa? Sau da yawa yaro ɗaya ne ya ga fili fes a gefen hanya, ya kauce daga alama don ya yi wasa na minti biyu. Shi ya tafi abinsa. Dattijon da ya yi shekara ashirin yana lallashin mai gonar shi zai koma da hula a hannu yana ba da haƙuri.

Manoman Kebek kuwa sun gane cewa wannan izini makami ne. A 2005, da suka samu saɓani da gwamnati kan harajin filayen noma, ƙungiyarsu ta UPA ta ce a rufe gonaki ga masu babur. Sun sake yi a 2010 kan tsarin inshorar kuɗin shigar manoma. A 2017 ma barazanar kaɗai ta isa: a farkon Fabrairu, kwanaki kaɗan kafin ranar da suka sa, gwamnati ta janye gyaran harajin da ta kawo. 'Yan kulob sun ji haushi, suna cewa me ya haɗa mu da rigimarku? Na fahimce su, amma ni dai ban ga laifin manoman ba. Shekara da shekaru harkar yawon buɗe ido tana cin riba a kan kyautar da suka yi, ba wanda ya tuna da su sai ranar da suka sa kwaɗo.

Akwai kuma waɗanda ba a taɓa ƙwanƙwasa ƙofarsu ba, wato maƙwabtan hanya. A arewacin birnin Montreal akwai tsohon layin dogo da aka mayar hanyar shaƙatawa, ana kiransa P'tit Train du Nord. Ƙasar hukuma ce, saboda haka ba a buƙaci izinin kowa ba, amma gidajen mutane na dab da ita. Suka gaji da ƙara da hayaƙi, suka haɗu suka shigar da ƙara. A ƙarshen Nuwamban 2004 mai shari'a Hélène Langlois ta ba su gaskiya, ta hana hawa a wani yanki mai tsawon kilomita 38, ta kuma ce a biya duk wanda gidansa ke cikin mita 100 daga hanyar dala 1,200 na Kanada kan kowane lokacin sanyi da ya sha wahala. Me gwamnati ta yi? Kafin watan Disamba ya ƙare ta yi dokar dakatar da shigar da irin wannan ƙara. Wannan kam bai yi mini ba. Mai gona ana zuwa gidansa da ladabi saboda yana iya rufe ƙofa, wanda ba shi da ƙofar rufewa sai aka rufe masa ta kotu.

Yau damuwar kulob-kulob ta canja kama. Waɗanda suka fara aikin suna samari sun tsufa, kuma masu sayen takardar izini sun fi masu fitowa aiki yawa nesa ba kusa ba. Da yawa suna ganin tunda sun biya, shi ke nan, alhali kuɗin yana sayen man tarakta ne kawai, ba ya sayen wanda zai tuƙa ta. Gonaki na canja hannu, ɗan birni ya sayi fili don ya samu shiru, bai san wata tsohuwar yarjejeniya da aka ƙulla da musafaha ba. Ga sanyin kansa ya fara saɓa alkawari. A lokacin sanyin 2023 zuwa 2024, a sassa da dama na jihohin Minnesota da Wisconsin an gama duk aikin share hanya da kafa alamomi, amma ƙanƙarar kirki ba ta sauka ba, wasu hanyoyin ko buɗe su ba a yi ba.

Ko an hau ko ba a hau ba, aikin watan Afrilu yana nan. A bi hanya a cire sandunan alama kafin manomi ya shigo da tarakta, a kwashe gwangwanaye da shara da narkewar ƙanƙara ta tona, a mayar da shingen da aka buɗe, a rufe ƙofofi. Kulob da yawa sukan shirya walima su gayyaci masu gonakin, a ci a sha, a yi musu godiya. A nan ne wani lokaci mai gona zai ja shugaban kulob gefe ya ce masa, baɗi ku matsa da hanyar can bayan rafi, zan shuka alkama a nan. Shugaban ya ce to, ya fara lissafin katakon sabuwar gada da mutum nawa zai samu a watan Satumba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.