Motocin da aka tono daga cikin ƙasa: me ke saura bayan shekaru?

A ƙasashe da dama akwai masu sha'awar tsofaffin motoci waɗanda ba abin da ke burge su kamar motar da aka haƙo daga ƙarƙashin ƙasa. Wasu motocin da gangan aka binne su domin jikoki su gani, wasu ɓarayi ne suka ɓoye, wasu kuma yaƙi ne ya bar su a daji.

Wadda ta fi shahara ita ce Plymouth Belvedere ta birnin Tulsa, a jihar Oklahoma ta Amurka. Ranar 15 ga Yuni 1957 aka binne ta, sabuwa fil, a cikin wani ɗakin kankare da ke harabar kotun birnin, lokacin bikin cikar jihar shekaru 50. Aka ajiye mata galan 10 na man fetur a gefe, don kada a wayi gari a 2007 an daina amfani da fetur. Aka kuma yi gasa: duk wanda ya fi kusa da cankar yawan mutanen Tulsa a 2007, motar tasa ce.

Da aka buɗe ramin a watan Yunin 2007, sai aka tarar ruwa ya taru a cikinsa. An gina ɗakin ne da nufin ya jure harin nukiliya, amma ruwan da ke tsiyaya a hankali ya samu hanya. Laka ta rufe motar, tsatsa ta cinye ƙarfen, injin bai tashi ba. Wanda ya ci gasar ya ce 384,743, alhali adadin 382,457 ne, sai dai tun 1979 ya rasu, ƴan uwansa ne suka gaji motar. Yau tana wani gidan tarihi a jihar Illinois, kuma mutane na zuwa kallonta a haka.

Wata Ferrari Dino 246 GTS ta fi ta sa'a. A 1978 ƴan sanda suka tono ta a tsakar wani gida a Los Angeles, bayan mai ita ya kai rahoton sace ta a Disamba 1974, har kamfanin inshora ya biya shi. Shekaru kaɗan ta yi a ƙasa, kuma a lokacin ana fari a yankin. Aka gyara ta, ta koma kan titi.

Kowane bakanike a Matamaye ko Damagaram ya san dalili. Ƙarfe ba ya tsatsa sai danshi da iska sun haɗu a kansa, don haka ramin da ke tara ruwan damina ya fi busasshen yashi ɓarna nesa ba kusa ba. Shi ya sa wata Chevrolet ta sojojin Birtaniya, wadda aka bari a hamadar Masar lokacin yaƙin duniya na biyu, aka same ta a 1980 da gangar jikinta. An kai ta gidan tarihin yaƙi na Landan, aka bar ta yadda aka same ta.

A nan Nijar ma, matafiya a Tenere, kan hanyar Agadas zuwa Dirku da Bilma, sun saba ganin gawarwakin motoci da yashi ya rufe rabinsu. Yawanci ba a bar musu komai mai amfani ba, domin direbobi kan kwance abin da za a iya kwancewa tun kafin yashin ya hau.