Kwamfutar sarrafa gida: Abin da ke sa ta tsaya da irin wadda ta dace da yankin Haɗeja

Kwamfutar sarrafa gida wata ƙaramar na'ura ce da ake ajiye ta a cikin gida tana aiki dare da rana, tana kunna fitilu da kashe su, tana tayar da injin ɗaga ruwa idan tanki ya yi ƙasa, tana kuma nuna wa mai gida yawan cajin da ya rage a batirin sola. Bambancinta da kayan da ake sarrafawa ta intanet shi ne umarni da bayanai duk suna zaune ne a cikin gidan. Manhajar da ta fi shahara a wannan fanni ita ce Home Assistant, wadda Paulus Schoutsen ya fara rubutawa a 2013, kuma kyauta ake sauke ta.

Dalilin ajiye ta a gida ya fito fili a watan Afrilun 2022, lokacin da kamfanin Insteon na Amurka ya rufe manyan kwamfutocinsa ba tare da gargaɗi ba, manhajar wayar abokan cinikinsa ta daina aiki. A gari irin Guri, da ke ƙasar Haɗeja kan iyakar Jigawa da Yobe, akwai ƙarin dalili, domin bai kamata samun ruwan sha a gida ko hasken ɗakin shan magani ya dogara da ƙarfin sabis ɗin waya ba. Sai dai wanda ya ajiye kwamfutar a gidansa shi ne zai zama injiniyanta.

Wutar lantarki

Mafi yawan abin da ake ɗora wa manhaja laifinsa daga wuta yake farawa. Jigawa tana cikin jihohi uku da kamfanin KEDCO ke raba wa wuta, tare da Kano da Katsina. A tsarin hukumar NERC, rukunin A ne aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, rukunin E kuwa awa huɗu. Duk ɗaukewar wuta, da duk sauyawa daga wutar gwamnati zuwa janareta ko inbata, tana iya kashe kwamfutar a daidai lokacin da take rubuta bayanai, kuma hakan ne ke lalata ma'ajiyarta.

Akwai kuma raunin caja. Raspberry Pi 4, wadda ta fito a 2019, tana buƙatar bolt 5 da amfiya 3, yayin da aka fi so a ba Raspberry Pi 5 ta 2023 amfiya 5. Idan ƙarfin ya sauka ƙasa da kimanin bolt 4.63, na'urar tana rubuta gargaɗi a kundin bayananta kuma tana rage gudu. Cajar waya ta kasuwa da siririyar igiya sukan jawo haka, har na'urar ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta.

Maganin shi ne a ba kwamfutar da na'urar raba intanet batiri nasu. Idan su biyun suna cin wat 15, a awa 24 za su ci wat-awa 360. Batirin bolt 12 mai amfiya-awa 100 yana ɗauke da kusan wat-awa 1,200, amma idan na ruwa ne ba a so a sha fiye da rabinsa, wato 600. Ke nan zai riƙe su sama da yini ɗaya da rabi. Ya fi kyau a ɗauko wutar kai tsaye daga batirin ta hanyar ƙaramar na'urar rage bolt, domin babbar inbata tana cin wuta ko da ba ta ɗauke da komai, wani lokaci fiye da abin da kwamfutar ke ci.

Katin memori

Raspberry Pi ta saba tashi ne daga ƙaramin katin memori irin na waya. Irin wannan kati yana da iyakar yawan rubutun da zai jure, ita kuwa Home Assistant tana rubuta duk wani sauyi da ta gani, tana ajiye tarihin kwana 10 idan ba a canza mata tsari ba. Alamomin katin da ya gaji su ne jinkirin buɗewa, ɓacewar saitin da aka yi jiya, da ƙin tashi bayan an ɗauke wuta. Mafita ita ce komawa ma'ajiyar SSD, da rage abubuwan da ake adana tarihinsu, kamar ƙarfin wutar sola da ke sauyawa kowane daƙiƙa. Haka kuma a riƙa ajiye kwafin saiti a wata na'ura dabam, a kuma gwada dawo da shi ko sau ɗaya, don a tabbatar yana aiki.

Zafi da ƙura da ruwa

A bazara, musamman Afrilu da Mayu, zafin yankin Haɗeja yakan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi haka. Raspberry Pi tana fara rage gudu idan cikinta ya kai digiri 80, don haka tana buƙatar akwatin ƙarfe mai ɗebe zafi. Fanka tana taimakawa, sai dai a hunturu takan jawo ƙura ta toshe kanta, shi ya sa akwatin da ba shi da fanka ya fi daɗewa a nan. Batirin ruwa ma zafi na cin sa: masu ƙera shi sun ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana rage rabin rayuwarsa. Batirin litiyom samfurin LiFePO4 ya fi jurewa, ko da yake ya fi tsada.

Damina kuma tana zuwa da nata. Guri tana cikin fadamar da Kogin Haɗeja ke malala, kuma ambaliyar 2020 da ta 2022 sun ci gidaje da gonaki a wannan yanki. A ɗora kwamfuta da batiri a kan shimfiɗa mai tsayi a jikin bango, a sa na'urar kariya daga tsawa, a kuma tabbatar an binne sandar ƙasa yadda ya kamata, domin dogayen wayoyin da ke zuwa tanki ko kyamara sukan kwaso tsawa su shigo da ita.

Katsewar sadarwa

Kwararan fitila da makunnai da yawa suna magana da kwamfutar ta hanyar Zigbee, wadda ke amfani da zango ɗaya da Wi-Fi, wato gigahaz 2.4. Ramin USB 3.0 yana fitar da hayaniya a wannan zango, kamar yadda kamfanin Intel ya bayyana a 2012. Idan na'urori suna ɓacewa bayan an haɗa SSD, a sa wa sandar Zigbee igiyar tsawaitawa ta kimanin mita ɗaya don a nisanta su. Kwamfutar kanta a haɗa ta da na'urar raba intanet da waya. Wani abin lura shi ne Raspberry Pi 4 ba ta da agogon da ke riƙe lokaci idan wuta ta ɗauke, sai ta tambayi intanet. Idan ta tashi babu sabis, fitilu za su iya kunnuwa da tsakar rana. Ana sayen ƙaramin agogo mai batiri a haɗa mata, ita kuwa Pi 5 da nata take zuwa, batiri kawai ake sa mata.

Wacce za a saya?

Raspberry Pi tana cin wuta kaɗan, amma sai an haɗa mata caja mai kyau da akwati da SSD, abin da ke ɗaga kuɗinta. Ƙaramar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar Intel N100 tana zuwa da ma'ajiya da agogo, kuma tana iya ɗaukar kyamarori. A shiga saitinta na farko a umarce ta ta tashi da kanta idan wuta ta dawo. Tsohuwar laftof, irin wadda ake samu a kasuwar Farm Centre ta Kano, tana da batiri a jikinta, sai dai a riƙa duba shi, domin zafi yana kumbura shi. Akwai kuma Home Assistant Green da aka fitar a 2023 don wanda ba ya son haɗe-haɗe.

Idan matsala ta taso, a bi ta daki-daki: a fara da wuta, sai zafi, sai ma'ajiya, sai sadarwa, manhaja ce ta ƙarshe, kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. Kada a haɗa injin ɗaga ruwa kai tsaye da ƙaramin makunni, domin yana jan wuta ninki da yawa idan zai tashi. A sa masa kontakta ta hannun ƙwararren mai gyaran wuta. A kuma bar makunnin hannu da balbal mai yanke ruwa a tanki, ta yadda ranar da kwamfutar ta mutu mutanen gida za su iya kunna injin da hannunsu.