Wonderwall Music: Faifan George Harrison da Aka Tsallake

Masu cewa All Things Must Pass na 1970 shi ne faifan farko da George Harrison ya fitar da sunansa shi kaɗai, ku ɗan dakata. Tun ranar 1 ga Nuwamban 1968 makaɗin jitar Beatles ɗin ya saki Wonderwall Music, wanda kuma shi ne cikakken faifai na farko da kamfanin Apple ya buga. Kiɗan fim ɗin Wonderwall ne, na darakta Joe Massot, wanda Jane Birkin ta fito a ciki.

Abin da ya sa faifan ya fi ƙarfin a tsallake shi, aikin Bombay ne. A Janairun 1968 Harrison ya tafi can, ya shiga sitidiyon EMI mai tsohuwar na'urar ɗaukar sauti, ginin da ƙarar motocin titi ke kutsawa cikinsa har ta shiga kiɗan. A haka ya tara gwanaye irin su Shivkumar Sharma mai kaɗa santur, da masu tabla, da masu busa shehnai, 'yar'uwar algaitarmu. Ku duba fa, saurayi ɗan shekara 24, wanda abokan ƙungiyarsa Lennon da McCartney ba sa bar wa fiye da waƙa ɗaya zuwa uku a faifai, ga shi yana ba manyan makaɗan Indiya umarni. A zaman nan ne ma aka ɗauki kiɗan The Inner Light, wadda Beatles suka sa a bayan faifan Lady Madonna. A Landan kuma Eric Clapton da Ringo Starr da ƙungiyar Remo Four suka sa hannu.

Wasu za su ce McCartney ya riga shi da faifan The Family Way a 1967. To amma George Martin ne ya tsara wancan, ƙungiyar makaɗa ce ta kaɗa, McCartney karin kawai ya bayar. Wasu kuma su ce ai Harrison bai rera komai a ciki ba. Gaskiya ne, sai dai shi ya tsara kiɗan, shi ya jagoranci ɗauka, sunansa ne a bango. Wa ya ce sai da murya ake mallakar faifai?

Daga baya ya fitar da Electronic Sound a 1969. Ke nan All Things Must Pass na uku ne a jere, a gyara lissafi.