Daga Jinga Zuwa Kwangila: Tarihin Ba Da Ayyukan Hukuma a Ƙasashen Batsari da Safana

Tun kafin zuwan Turawa Bahaushe ya san jinga, watau a yi ciniki da magini ko mahaƙin rijiya a kan aiki ɗungurungum, ba a kan yini ba. Amma wannan tsakanin mutum da mutum ne. Aikin sarauta, kamar gyaran ganuwa ko sharar hanya, ba a cinikinsa. Ana raba shi ne ga garuruwa, kowane dagaci ya fito da mutanensa. A haka Turawa suka tarar da ƙasar Ruma, wadda Sarkin Ruma ke riƙe da ita daga Batsari a yau, da kuma ƙasar Yariman Katsina ta Safana.

Canji na farko ya zo ne da Baitulmali. A Katsina aka fara kafa shi wajen 1910, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ta hannun Bature Palmer. Daga nan haraji da jangali suka zama kuɗin En'e masu kasafi, aka yanka wa hakimai albashi, aka kuma ware wani abu don ayyuka. Sai dai En'e ba ta cika ba da aikinta waje ba. Tana da sashen ayyuka da magina da kafintoci nata, a ƙauye kuwa hakimi ne idon aiki. Hanyar rani, da rumfunan kasuwa, da masaukin Bature, da gumin talakawa aka yi mafi yawansu, sau da yawa ba ko anini, har bayan dokar taƙaita aikin tilas ta 1933. Masu yabon ingancin aikin En'e su kan manta da wannan. Gaskiyarsu ɗaya ce: in rijiya ta rufta, an san wanda za a tuhuma, domin hakimi ba ya ƙaura.

Ɗan kwangila ya fara samun gindin zama a shekarun 1950, lokacin da kuɗin gyaɗa da auduga suka ƙaru, aka kuma yi wa En'e garambawul da dokar 1954. A lokacin ne siyasa ta shiga cikin ciniki, don kuwa wanda aka sani da ra'ayin NEPU da wuya ya ga takardar aiki. Amma ambaliyar ba ta zo ba sai da kuɗin man fetur. A 1976 aka soke En'e, aka kafa ƙananan hukumomi, Batsari da Safana suka faɗa ƙarƙashin Dutsin-ma. A shekarar kuma aka fara shirin ilmin firamare kyauta, wanda ya buƙaci azuzuwa a kusan kowane ƙauye cikin gaggawa. Ɗan kasuwar da bai taɓa riƙe cebur ba ya wayi gari ɗan kwangila. Ya karɓi kafin alƙalami, ya sayar da takardar ga wani, shi ma ya cire nasa ya miƙa gaba, har ta isa ga maginin da zai yi aikin a kan jinga da abin da ya rage. Inda siminti ya gaza, yashi ya cika. Harshe bai bar abin ya wuce ba: a Jamhuriya ta Biyu “kashe-mu-raba” ta zama sunan da kowa ya gane. Dam ɗin Zobe da ke kusa, wanda aka kammala a 1983, sai da ya shafe fiye da shekara talatin ruwansa bai kai famfunan birnin Katsina ba.

Bayan ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, Batsari da Safana kowace ta sami ƙaramar hukumarta. Ofis ya matso kusa, amma asusun haɗin gwiwa da tsarin mulkin 1999 ya tanada ya bar akalar kuɗi a hedikwatar jiha, sai hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye.

Dokar sayayyar gwamnatin tarayya ta 2007, wadda Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu, ta wajabta tallata aiki da buɗe takardun masu nema a bainar jama'a, ta kuma ƙayyade kafin alƙalami kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari. Gyaran 2020 ya ɗaga shi zuwa 30. Ƙarfinta duk yana wajen ba da aiki. Wajen duba shi kuwa, dogaronta ga injiniya ne, wanda sa hannunsa ke sakin kuɗi. To, garuruwan nan biyu suna bakin Dajin Rugu, kuma tun da 'yan bindiga suka yi ƙarfi a shekarun 2010, akwai ƙauyukan da ɗan kwangila ke tsoron kai leburorinsa, injiniya ma ke tsoron zuwa dubawa. A irin wannan wuri, hujjar tsaro ta ishi mai gaskiya neman ƙarin kuɗi da wa'adi, ta kuma ishi maras gaskiya ɓoye aikin da bai yi ba, alhali fayil ɗin da ke ofis ba ya iya bambanta su.