Ilimin Tunanin Ɗan Adam a Tattalin Arziki

Ilimin tunanin ɗan Adam reshe ne na nazarin halayya da ke binciken yadda mutum ke lura, da tunawa, da yanke shawara. Ya shiga fagen tattalin arziki ne da ya girgiza tsohon zaton masana cewa kowa na auna riba da asara daidai-wa-daida kafin ya sa hannu a aljihu. Herbert Simon, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1978, ya nuna cewa mutum kan tsaya a zaɓin da ya wadatar da shi, domin lokaci da sani ba sa isarsa. A 1979 Daniel Kahneman da Amos Tversky suka bayyana cewa zafin asara ya fi daɗin riba, ko da girmansu ɗaya.

Gaɓar tafkin Kainji ta ga wannan ƙuru-ƙuru. Madatsar da aka kammala a 1968 ta tayar da mutane sama da 40,000, ciki har da Gungawan tsibiran Yauri, waɗanda suka shahara da noman albasa. An ba su gidajen siminti, kuma a takarda an biya. Amma wanda ruwa ya cinye gonarsa da kushewar kakanninsa ba da farashin bulo yake lissafi ba.

Haka batun kamun kifi. Masunci ya san taru mai ƙananan ido na kwashe 'ya'yan kifi, ya kuma san badi zai ji a jika. Sai dai cefanen yau ya fi kifin badi kusa da zuciya, musamman idan yana ganin in ya bari wani zai kwashe. Shi ya sa aikin raya kamun kifi na haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus, wanda ya fara a 1993, ya jawo shugabannin masunta cikin tsara doka, don mutum ya fi kiyaye abin da maƙwabcinsa ke kiyayewa. Adashin mata ma dabara ce ta wannan fanni: mace na ɗaure hannunta da kanta don kada ƙananan buƙatu su cinye jarin.

Fannin yana da iyaka. Jirgin ruwan da ya nutse kusa da Warrah a Ngaski cikin Mayun 2021 bai cika maƙil don sabo da haɗari kaɗai ba; rashin hanya mai kyau da ƙarancin jirage na ciki. Kuskure ne a ɗora wa tunanin talaka laifin abin da ba a tanadar masa ba.