FASHIN BAƘI: Abin da ke hana filashi bayyana a kwamfutar cikin kwamfuta, da yadda ake gyara shi

Ɗan jarida ko mai bin diddigin kuɗin gwamnati yakan karɓi filashi daga hannun majiyar da bai gama sani ba. Buɗe irin wannan filashi kai tsaye ganganci ne, domin ta wannan hanya manhajar ɓarna ta Stuxnet, wadda aka gano a 2010, ta riƙa yaɗuwa har ta lalata na'urorin tace yuraniyom a Natanz ta ƙasar Iran. Shi ya sa masu taka-tsantsan ke amfani da manhajoji irin su VirtualBox da VMware, waɗanda ke ƙirƙirar wata kwamfuta keɓaɓɓiya a cikin ta ainihi. Ta ainihin ita ce mai masauki, ta cikin kuwa baƙuwa. Sai dai sau da yawa a kan soka filashin, baƙuwar ta ƙi ganin sa.

Tushen matsalar

Na'urar USB ba ta amsa wa iyayengiji biyu a lokaci guda. Da zarar an soka ta, mai masauki ne ke fara karɓar ta da direbansa, wato ƙaramar manhajar da ke fassara tsakanin na'ura da kwamfuta. Kafin baƙuwa ta gan ta, dole ne VirtualBox ya ƙwace ta daga hannun wannan direba, ya miƙa ta ga tashar USB ta kwaikwayo, sannan direban baƙuwar ya karɓa. Saboda haka cikas ba ya wuce wurare uku: wajen ƙwacewa, wajen tashar kwaikwayo, ko cikin baƙuwar kanta. Wanda ya bi su bi da bi ya huta da sake girka komai daga farko.

Na farko: mai masauki ya ƙi saki

A kan Linux, babban dalili shi ne rashin izini. VirtualBox ba ya nuna na'urorin USB sai mai amfani yana cikin rukunin vboxusers. Ana shigar da shi da wannan umarni: sudo usermod -aG vboxusers $USER. Bayan haka wajibi ne a fita daga asusun a sake shiga, in ba haka ba canjin ba zai kama ba.

A kan Windows, direba mai suna VBoxUSBMon ne ke aikin ƙwacewa. Idan bai zauna daidai ba, akan ga saƙon cewa na'urar tana kan wani aikin, ko kuma a zaɓe ta shiru ya biyo baya. Maganin shi ne a rufe VirtualBox, a sake girka shi da ikon mai gudanarwa, sannan a kashe kwamfutar a kunna. Akwai kuma manhajojin da ke tare hanya, kamar USBPcap wadda ake iya girkawa tare da Wireshark. Cire ta yakan warware rikicin. Masu VMware a kan Windows kuwa su duba ko VMware USB Arbitration Service na aiki, domin idan ya tsaya, babu na'urar da za ta tsallaka.

Na biyu: tashar ba ta dace ba

USB hawa-hawa ne. Samfurin 1.1 na ɗaukar megabit 12 a daƙiƙa, 2.0 na shekarar 2000 na ɗaukar 480, shi kuwa 3.0 na 2008 ya kai gigabit 5. A saitin kowace baƙuwa akwai zaɓi uku da suka dace da su: OHCI da EHCI da xHCI. Filashin zamani da aka soka a ramin 3.0, wanda galibi shuɗi ne daga ciki, yakan ƙi aiki idan an bar saitin a kan tsohuwar tasha. Sai an kashe baƙuwar ɗungurungum ake iya sauya wannan zaɓi.

Kafin fitowar VirtualBox 7.0 a Oktoban 2022, tashoshin 2.0 da 3.0 ba sa samuwa sai an ƙara kunshin Extension Pack na kamfanin Oracle, kuma dole lambarsa ta zo daidai da ta manhajar. Daga 7.0 an shigar da su cikin ainihin manhajar. Mai tsohon samfuri ya fara duba wannan.

Na uku: baƙuwar ba ta da direba

Idan VirtualBox ya nuna ya miƙa na'urar amma ba a gan ta ba, laifin na ciki ne. Windows 7, alal misali, bai zo da direban xHCI ba. Sai daga Windows 8 aka haɗa shi. Ko dai a girka direban a cikin baƙuwar, ko a koma tashar 2.0 tare da soka filashin a ramin da ya dace da ita.

Matata da haɗarinta

Kowace na'urar USB na da lambobi biyu, ta kamfani da ta samfuri. Umarnin lsusb na nuna su a Linux, inda 0781 ke nufin SanDisk. Da su ake kafa matata, domin VirtualBox ya cafke na'urar da zarar an soka ta. Ƙa'idar ita ce a kunna baƙuwa tukuna, sannan a soka. Wayoyin Android da ƙananan modem sukan sauya lambar samfuri idan sun canza yanayin aiki, don haka a bar lambar kamfani kaɗai a matatar. Amma kada a bar ta fayau babu lamba ko ɗaya, domin za ta haɗa har da allon rubutu da linzami na USB, mutum ya rasa abin sarrafa kwamfutarsa. Haka nan, ƙwace filashi yana tsaka da kwafar fayil daidai yake da fizge shi da hannu, kuma takardun da ke ciki na iya lalacewa.

Iyakar kariyar

Ko komai ya yi daidai, filashin a jikin mai masauki aka soka shi. A 2014, masu bincike Karsten Nohl da Jakob Lell sun nuna a taron Black Hat cewa ana iya sauya manhajar cikin filashi ya rikiɗe ya zama allon rubutu, ya riƙa buga umarni da kansa. Matatar da ke jiran filashi ba lallai ta kama irin wannan ba. Don haka ne tsarin Qubes OS ke iya keɓe tashoshin USB baki ɗaya a cikin wata baƙuwa ta musamman.

Ga wanda ke riƙe da takardun da za su iya jefa majiyarsa cikin haɗari, abin da ya fi shi ne ya ware tsohuwar kwamfuta marar intanet domin buɗe filashin da bai yarda da shi ba, ya bar kwamfutar cikin kwamfuta a matsayin kariya ta biyu.